Shafukan da Na Hura Wuta da Su

Shekara arba'in da bakwai ke nan da rasuwar yayana Lawal, amma har yau in na rufe ido ina ganinsa a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu a Jibiya, littafi a cinya, manyan motoci na wucewa Maraɗi da buhunan gero.

Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati na ta tura yara karatu waje. Yaya ya tafi, ya dawo da ilimin kwamfuta, garin da ko lantarki bai wadata ba. Sai ya riƙa rubuta umarninta da biro, yana jiran ranar da zai sami injin. Mu dai muna kai masa fura, muna dariya a ɓoye.

Wata la'asar ya yi mini bayani. Ya ce a harshen kwamfutar da ya koyo, kowane abu yana rufe bayaninsa kamar rumbu, ba a zura hannu kai tsaye. Dole a rubuta masa ƙofa biyu, ta ɗaukowa da ta sakawa. In mota ce, ɗaya ta faɗi nauyin kayanta, ɗaya ta canja shi. Abin da ke damunsa, kowace ƙofa sai ta ci rabin shafi.

Na ce, "To mi ya yi zahi, Yaya? Takarda ta ƙare ne?"

Ya yi murmushi, yana bin wata mota da ido har ta ɓace.

Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi. Da na zo gyara ɗakinsa na so in adana aikinsa, don shi kaɗai ya bari, ko aure bai yi ba. Na ware shafukan da ya cika maƙil na sa a adaka. Na ƙarshe-ƙarshen kuwa, layi biyu ko ɗaya ne a tsakiyar farar takarda. Na ɗauka ciwo ne ya hana shi gamawa, na riƙa hura wuta da su.

Bara na nuna wa jikata Hauwa'u littafin, ita da ke aikin kwamfuta yanzu. Ta ce yau ƙofofin nan biyu a layi guda ake rubuta su. Da Yaya ya gani, ina jin ba ƙaramin daɗi zai ji ba. Ta ci gaba da buɗawa, tana nuna mini yadda kowane shafi ya fi wanda ya gabace shi gajarta, har ta kai inda aka yaga.

"Kaka, ina sauran? Ai nan ya kusa isa."

Kunya da kewa suka riƙe ni. Wahalarsa na adana shekara da shekaru. Inda ya isa kuwa, ni na dafa tuwo da shi. Allah ya jiƙanka, Yaya, ka yafe wa ƙanwarka.