Kawu Sallau Ba Ya Faɗa

Duk wanda ya yi aiki a shagon atamfar Kawu Sallau da ke unguwar Roxy ya sani, bawan Allahn nan bai taɓa ɗaga wa ma'aikaci murya ba. Ina ma a ce faɗan yake yi! In ka yi sakaci, aikinka zai karɓa ya yi da kansa, a gaban jama'a.

Kun tuna Lawali mai shara, sarkin latti? Wata safiya ya iso ya tarar da Kawu, tsoho ɗan saba'in, cikin babbar riga yana share ƙofar shago. Duk wanda ya wuce sai ya gaishe shi, Kawu kuma ya ce yana taya Lawali ne, Lawali ya gaji. Washegari Lawali ya riga masu shayi fitowa.

Kone direba kuwa cewa ya yi shi tuƙi aka ɗauke shi, ba sauke kaya ba. Kawu, wanda ko keke bai taɓa hawa ba, ya shige mazaunin direba ya murɗa makulli.

"To ni zan tuƙa mu unguwar Treichville. Wanne ne birkin?"

Wallahi Kone shi kaɗai ya sauke dila goma.

Nawa ya fi muni. Ni, Hamisu, ɗan ƙanwarsa ne, ga baƙin baki. Na gaya wa wata Madam Awa, tsohuwar mai sayayyarmu, cewa in ba ta da kuɗi ta daina yamutsa mana kaya. Babban ɗan Kawu ya rantse sai an mai da ni gida Maraɗi, ga matata da tsohon ciki. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Sai Kawu ya kira ni. Ya ja ni har gidanta a unguwar Saint-Michel, ya cire hula, ya durƙusa a tsakar gida.

"Madam, yau ni ne Hamisu. Ba ni da tarbiyya, ki yafe mini."

Matar ta dafe kai tana salati, ni kuwa na fashe da kuka, ƙato da ni. Da Kawu zai tashi gwiwa ta ƙi, sai da muka ɗaga shi mu biyu, yana tambayarta ko ta ga sabon zubin atamfar da ya shigo. Turmi uku ta saya. Ba a kore ni ba, a nan garin matata ta haihu, aka raɗa wa 'yata suna.

Har ya rasu ban iya yi masa godiya ba, kunya ta hana ni. Ya Allah, wannan tsoho ya rufa mini asiri, Ka rufa masa nasa. Ka jiƙan Kawu, Ka sa ya huta.