Baƙuwar Da Ba Ta Da Ƙafa

A gidanmu na cikin birnin Zariya, bakin murhu ne wurin tatsuniya. Da an sauke tuwo an yi Magariba, sai Iya, mahaifiyar babanmu, ta jawo 'yar kujerarta ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi. Mu bakwai ne jikokinta, amma ni kaɗai take kira Maigida, kuma ni take fara zungura da muciya in na yi gyangyaɗi. Yawancin labaranta na dariya ne. Akwai dai guda ɗaya da ba ta ɗauko shi sai ranar da ta ji wani ya yi tari a gidan, kuma ranar ko murmushi ba ta yi.

"Ga ta nan tafe," in ji Iya, "amma wannan ba da ƙafa take zuwa ba."

Wai wata tsohuwar baƙuwa ce ta sauka a bakin ganuwa, ba ta da ƙafa, ba ta da nauyi. Ba ta haura katanga, ba ta ɓalle ƙofa. Numfashin mutum take hawa, in ya durƙusa gaida wani, sai ta sauka a ƙirjin wancan. Kafin wata ya ƙare, masu haƙan kabari sun gaji. Sai wani marini ya lura cewa duk wanda ya je dubiya, bayan mako shi ma ana zuwa duba shi. Ya ninka baƙin yadi sau uku ya ɗaure hanci da baki. Gari ya ɗauka cewa marini ya yi girman kai, yana toshe wa mutane hanci kamar suna wari. Ya yi kunnen uwar shegu da su. Ashe baƙuwar ta riga ta hau shi, yadin nan ne kawai ya hana ta sauka a kan kowa.

Rannan ya shiga gaida uwarsa. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, ni ma warin nake?" Sai ya kwance yadin.

A nan Iya take tsayawa. Mu yi ta tambaya, sai me, sai me? Ta ce, "Sai ya yi ladabi mana." Ta tono gyaɗar ta raba mana, ba ta ko rufe tatsuniyar yadda aka saba. Sai da na girma na ji cewa ƙannenta uku tari ya kwashe a damina ɗaya, tana yarinya.

Shekarar da korona ta shigo, Iya ta daɗe da rasuwa, ni kuma ina sayar da yadi a Kano. Ana gab da rufe hanyoyi na shirya tahowa gida, da 'yar mura a jikina wadda ban ɗauke ta komai ba. Duk da haka na tsaya kemis sayen takunkumi, domin Baba yana da asma. Mai kemis ɗin ya baje mini kala uku. Ya kunna ashana ya ce in sa na atamfa in hura, nan take ta mutu. Na sa fari mai kauri, mai waya a karan hanci, na hura har na gaji, wutar ko motsi. Shi na saya, ina jin kaina mai wayo har muka iso Zariya.

Na tarar da Baba a zaure yana ɗinkin hannu a wuyan babbar riga, da aminansa biyu. Na durƙusa daga nesa na yi gaisuwa. Al'adarsa ce duk wanda ya dawo daga tafiya, sai ya dafa masa kai ya yi masa tofi. Ya miƙo hannu, ban matsa ba. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau.

"Ashe Kano ta koya maka toshe wa ubanka hanci," ya ce.

Babu faɗa a muryarsa, kuma shi ya fi ci mini rai. Aminansa suka sunkuyar da kai. Wallahi na tuna da marinin a daidai lokacin, na san ƙarshen labarin, amma kunya ta fi ƙarfina. Na ja takunkumin ƙasan haɓa na matsa. Ya yi mini addu'a, goshinsa kusa da nawa. Aka kawo fura, muka sha da ludayi ɗaya.

Bayan kwana uku na daina jin ƙamshin komai. Ba a yi mako ba Baba ya fara tari. Ranar Juma'ar da ta biyo muka kai shi makwancinsa. Ba a yi masa gwaji ba, ni ma ba a yi mini ba.

Muna yara mun ɗauka Iya tsoratar da mu take yi da baƙuwa. Yanzu ina ganin marinin take tausaya wa, kuma ina zargin ta san wanda ya kwance yadi a nasu gidan. Masu ta'aziyya sun ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, domin abin da addini ya koya mana ke nan. Amma har yau ban faɗa wa kowa a gidanmu cewa da mura na baro Kano ba.