Ranar da Aka Manta da Ni a Rumbu

Wata Asabar ce da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka sace ni a tsakar gidanmu da ke Durun. Ɓarayin kuwa yayata Rabi ce da ƙawarta Hinde, bindigarsu karan dawa.

Abin ya samo asali ne daga talabijin ɗin Kawu Sale, ƙanin babanmu, wanda yake haɗawa da batirin mota. Duk Juma'a bayan la'asar ana nuna wasan kwaikwayon wata malamar asibiti da ɓarayin mutane suka ɗauke, ta kuɓuta ta dawo gida, 'yan sanda na ta bin sawun waɗanda suka yi mata haka. Saboda wasan nan muke gama surfe da ɗiban ruwa da wuri, mu ɗaure awaki, mu shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya. Kakarmu Inna Kulu ke zama gaba don idonta ya yi rauni, kuma ita ba ta ɗauki abin wasa ba. In aka buga ƙofa malamar ta zabura, sai Inna ta ce, "Allah sarki, jikin ya dawo, hankalin yana can."

Washegari mukan maimaita wasan a tsakaninmu, kuma da yake ni ce ƙarama, ni ake sacewa. A wannan Asabar ɗin suka ɗaure mini ido da kallabi, suka cicciɓe ni suka zura a tsohon rumbun bayan gida, suka ce kada in yi ko tari sai 'yan sanda sun zo. Ba a jima ba aka tura su gona roron wake, suka manta da ni. Na yi ta jira har barci ya kwashe ni a kan ragowar dawa.

Sauran daga baya na ji shi. Da azahar mahaifiyata ta raba abinci, kwanona ya rage ba mai ɗauka. Aka leƙa rijiya, aka bi gidajen maƙwabta, Baba ya hau keke ya kama hanyar Kabo yana tambayar duk wanda ya ci karo da shi. Rabi ta dawo daga gona ta tuna, amma tsoron duka ya rufe mata baki. Inna Kulu ce ta lura ta kasa haɗiye loma. Ta ja ta gefe ta ce, "A wasanku, ina ake ɓoye malamar?" Rabi ta fashe da kuka, ta nuna rumbu.

Aka fito da ni fari fat da ƙaiƙayi, ina tambayar ko 'yan sandan sun zo. Baba ya dawo sharkaf da gumi, ya karyo tsumagiya ya nufi Rabi. Inna ta tsaya a tsakaninsu. "Ajiye. An samu yarinya da ranta, ba za a ƙara wani kuka a gidan nan yau ba." Ya ajiye, ya zauna a kan turmi. Rabi ce ta yi mini wanka, ta bar mini rabin furarta.

Yanzu ina koyarwa a Gwarzo, Inna da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. Bara aka ɗauke mijin maƙwabciyata a kan hanya, sai da ya kwashe makonni kafin ya dawo, har yau ba ya son jin ƙarar babur. 'Ya'yana ba su taɓa yin irin wasanmu ba, ni ma ba zan bari ba. Mu dai mun taso a lokacin da muke zaton wannan masifa a cikin akwatin Kawu Sale kawai take zaune.