Ranar da Na Janye Kwano

A garinmu, tsaranka shi ne wanda aka yi muku kaciya tare, kuka yi wasan ƙasa a ƙofar gida ɗaya. A Agege ba haka muke nufi ba. Nan ba a tambayar shekarar haihuwa. Duk wanda kuka sauka Legas a zamani ɗaya, kuka kwana a rumfar mahauta a bakin layin dogo, kuka koyi Yarbanci ana yi muku dariya, shi ne tsaranka ko da ya girme ka. Tsara ba ya durƙusa wa tsara. Kwano ɗaya kuke ci, kuma yana da ikon kiranka da sunan tsokana a gaban kowa.

Ina da irin wannan tsara, mutumin Maraɗi. Taragon shanu ɗaya ya kawo mu, tare muka fara wankin kayan ciki a mayanka. Tun a cikin jirgi ya dubi kunnuwana ya laƙa mini wani suna, ni ma na rama da tsawon wuyansa.

Daga baya Allah ya buɗa mini, na yi rumfar kaina, na sauke farali. Shi kuwa ya koma gadi a wata masana'anta a Ogba. Ranar walimar dawowata daga Makka, manyan mahauta suna zaune, har da surukina, sai ga shi da rigar gadinsa. Tun daga ƙofa ya ƙwala mini sunan nan, ya zo ya zauna ya sa hannu a kwanona kamar yadda muka saba. Aka yi dariya. Na ji kunya ta rufe ni. Na janye kwanon na ce, "Malam, ka nemi tsaranka."

Bai yi musu ba. Ya matsa baya, ya durƙusa, ya ce, "Alhaji, barka da sauka."

Daga ranar bai ƙara kirana da wani suna ba sai Alhaji. Ko a bakin masallaci muka haɗu sai ya rusuna. Ba zan ɓoye ba, da farko abin ya yi mini daɗi. Amma sauran tsararrakinmu suka riƙa raguwa, wani ya rasu, wani ya koma Arewa. Yaran yanzu, haifaffun Legas, Baba suke ce mini ko oga. Na waiga na ga saura mutum ɗaya a duk garin nan da ya san ni ina da wando ɗaya.

Bara na ji ciwon ƙafa ya hana shi gadi, 'ya'yansa za su mayar da shi gida. Na sa aka yi tuwo, na hau keke mai ƙafa uku na same shi a tashar mota. Na zauna a ƙasa kusa da shi, na buɗe kwano, na nemi gafararsa, na roƙe shi ya kira ni da sunan nan ko sau ɗaya. Ya yi murmushi ya ce ai ya yafe tun a ranar, sai dai baki ya riga ya saba. Ya ɗebi nasa tuwon a murfin kwano, ya ci a gefe.

Da aka kira fasinjoji ya kama hannuna ya ce, "Alhaji, Allah ya sada mu da alheri."

Motar ta tashi. Na rufe kwanon na dawo da shi gida, ban taɓa nawa ba.