Ranar da Tanko mahauci ya hau buzun yayana

Shekara talatin da ɗaya ke nan cif da muka kai yayana Malam Yahuza makwancinsa. Yanzu shekaruna sun wuce waɗanda ya yi a duniya, amma har gobe in na tuna shi sai in ji na gyara zama. Kwanan baya aka gayyace ni wata lacca a babban ɗakin taro. Aka daɗe ana gabatar da uban taro da shugaban taro da baƙo na musamman, kafin a zo kan mai laccar rabin jama'a na hamma. Ina zaune sai zauren gidanmu na Ƙofar Galadima ya faɗo mini a rai.

Sana'ar Yaya rubuta littattafai da hannu. A shekarun nan da Turawa ba su tafi ba, ana ta maganar mulkin kai, ya ɓullo da wani abu da ba a saba ba. Duk Alhamis bayan La'asar, ranar da makarantun allo ke hutu, sai ya kira mutum guda ya zo zaure ya faɗa wa jama'a abin da ya sani. Dokarsa ɗaya ce: akwai buzun rago da ya gada wurin mahaifinmu, mai magana shi ke hawansa, kowa kuma ya sauka kan tabarma komai girmansa. Mun ji wani marubuci daga unguwar Tukur-Tukur ya karanta mana littafinsa na boko da aka buga. Mun ji maginin da ke zana gaban gidaje, da wani tsoho da ya je Makka a ƙafa ya dawo, da maharbin da ya san kowane kogo a dutsen Kufena.

Abin da ya riƙe wannan zama shi ne Malam Ɗalhatu, babban malamin unguwarmu, wanda ya karantar da mahaifinmu ya karantar da mu. Tunda ana ganinsa a zauren, ba wanda ya isa ya ce shiririta ake yi. Kowa ya san ranar da ya daina zuwa, ranar zaman ya mutu.

Sai rannan Yaya ya ce mini ya kira Tanko mahauci, mai kilishin bakin kasuwa. Ni a lokacin akawu ne a ofis, ina ji da kaina kamar ni na kawo boko garin. Na ce masa ya rufa mana asiri. Wanda bai yi zamanin ba ba zai gane ba: a birni ana cin naman mahauci, ana wasa da shi, amma ba a zama ƙasa da shi. In ya shigo zauren malamai, bakin ƙofa yake tsugunawa inda ake tuɓe takalma. Na ce Malam Ɗalhatu zai tashi ya fita, kuma gari zai ce Yahuza ya wulaƙanta malaminsa. Yaya bai ko ɗago kai daga rubutunsa ba, ya tambaye ni ko na iya yanka kilishi. Na ce a'a. Ya ce to shi ma bai iya ba, kuma yana son ya ji.

Ranar Alhamis zaure ya cika har waje, don labari ya bazu, kuma rabinsu kallon rigima suka zo. Tanko ya iso da wankakkiyar riga da faifai a rufe, ya tsuguna wurin takalma. Yaya ya nuna masa buzu. Tanko ya dubi buzun, ya dubi Malam Ɗalhatu da ke zaune a tabarma, ya ce shi dai a bar shi ya yi maganarsa daga nan. Yaya ya ce doka ba ta yarda ba. Sai na ga Malam Ɗalhatu ya lalubi sandarsa ya miƙe. Wallahi na ce a raina shi ke nan, ta faru. Tsohon ya taka har bakin ƙofa, ya tsaya a kan Tanko.

"Kafin in san ko zan zauna, ina da tambaya," in ji shi. "Sa ya faɗa rami, an ciro shi bai motsi. Da me kake sanin da sauran rai a jikinsa, wuƙa za ta halatta shi?"

"Allah gafarta Malam, ido nake fara dubawa," in ji Tanko.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya yi bayanin yadda fatar ido ke rawa in an hura mata iska, da yadda jela ke amsawa in an murɗa ta, da bambancin jinin da ke tsartuwa da wanda ke kwarara kawai. Ya ce naman da jini bai fita sosai ba baƙi yake yi, kuma ba ya shanyuwa, shi ya sa mai kilishi ba ya iya ɓoye mushe ko ya so. Sannan Malam ya juyo ya ce mana shekara da shekaru yana karantar da babin yanka, ya haddace alamomin nan duka, amma bai taɓa ganin ko ɗaya da idonsa ba. Ya kama hannun Tanko, hannun da ke daddatsa nama kullum, ya ja shi har kan buzun.

"Zauna, Malam Tanko. Yau mu ne ɗalibai."

Har kiran Magariba ba wanda ya motsa. Tanko ya buɗe faifai ya zaro wuƙa, ya ɗauki tsokar cinya ya yi ta warware ta ba ta tsinke ba, har ta yi faɗin allo. Ya ɗaga ta saitin ƙofa, muka riƙa hango inuwar masu wucewa ta cikinta. Ya faɗi yadda ake haɗa labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma naman ciki, da dalilin da ake shanya sau biyu kafin a nuna masa garwashi. Yana shinshina nama ya gaya maka ko dabbar ta sha doguwar tafiya. Ni da nake taƙama da alƙalami na zauna baki buɗe, kunya ta rufe ni. Na waiga na ga Yaya can cikin jama'a, ba ya kallon kowa sai hannun Tanko, fuskarsa cike da murna.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Na tabbata yawan gidajen rediyo da talabijin na yanzu zai burge shi, don shi mutum ne mai ƙishirwar ji. Amma na san zai leƙa ɗakin taro ya tambaya ina masu dafa abincin da za a raba bayan an tashi, kuma me ya sa ba a ba ɗayansu lasifika ba. Ban san amsar da za mu ba shi ba.

Zaman Alhamis bai yi rai bayansa ba. Na gwada riƙewa na kasa, don ni ban da irin kunnensa. Ranar da muka dawo daga maƙabarta, zaure cike da masu ta'aziyya, sai na hangi Tanko ya tsufa, a tsugune wurin takalma kamar da. Na tashi na ɗauko buzun na shimfiɗa, na ce ya taso. Ya girgiza kai.

"Bar ni a nan, Malam. Wanda ya tashe ni daga wurin nan shi muka kai yanzu."

Ban matsa masa ba. Littattafan da Yaya ya rubuta gara ta ci wasu, wasu an are su ba a dawo da su ba. Buzun ma ya zube gashi. Amma tun daga waccan Alhamis har ya koma ga Allah, ba wanda ya sake kiran mutumin nan Tanko gatsau a unguwarmu. Jikokinsa na nan bakin kasuwa suna kilishi, kuma in ka tambayi hanya, yara za su ce maka ka nufi rumfar gidan Malam Tanko. Ba su san daga ina sunan ya fito ba. Ni na sani. Allah Ya jiƙan Yaya.