Layin Fauziyya a Rahoton Ɗantsoho

Sunansa na yanka Ja'afar, amma a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira ba wanda zai gane wanda kake nufi sai ka ce Ɗantsoho. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa aka sakaya. Daga Gumel ya zo Alƙahira yana da shekara ashirin da huɗu, da niyyar ya karanta fiƙihu ya koma gida a kira shi malam. Jarrabawar shekara ta biyu ta kayar da shi sau uku. Bai koma ba. Da farko kunya ce ta riƙe shi, daga baya sabo ya ƙarasa aikin.

Abin da bai samu a littafi ba ya same shi a ƙafa. Ya san benayen unguwar ɗaya bayan ɗaya, ya san kowane bawwab, wato mai tsaron ƙofar bene, da sunansa da garin da ya fito. Ya san benen da ruwa ba ya kai wa hawa na biyar, ya san mai gidan da ke fara'a ranar shiga ya canza fuska bayan wata biyu. Ɗalibi ya sauka daga Kano ko Damagaram bai san inda zai sa kansa ba, sai a ce masa, "Nemi Ɗantsoho."

Yana da tsarinsa. Ba ya miƙa wa kowa mabuɗi sai ya shiga ya buɗe famfo da hannunsa, ya leƙa kicin, ya girgiza sakatar ƙofa. Bayan sati biyu kuma sai ya dawo da hantsi ba sanarwa, ya ce ƙishirwa ce ta biyo da shi. Kafin a kawo ruwan ya gama ganin abin da ya zo gani. In akwatin mutum yana nan a zuge bakin ƙofa, bai zauna ba ke nan. In an naɗe katifa an jingine bayan ƙyaure, to wurin kwanansa da rana na wani ne.

Matarsa Azara, mutuniyar Maraɗi, mai yin fanke da ƙosai tana sayar wa ɗalibai, ta taɓa ce masa ya sayi waya ya huta da cinye takalma.

Ya ce, "Ke ba ki san mutanenmu ba? Mutum yana kwance a kan siminti, in ka gaishe shi lafiya lau zai ce maka. Ba a tambayar su. Zuwa ake yi."

Shekara ashirin da wani abu ya yi a haka.

A shekarar 2012 wata gwamnatin jiha a gida ta fito da shirin taimaka wa ɗalibanta da ke waje kan sha'anin masauki. Aka ce duk mai ba ɗalibai shawara kan gida ya yi rajista a ba shi takardar shaida. Jami'in da aka turo Alƙahira sunansa Rilwanu, mutum ne mai ladabi, mai son a yi komai a kan lokaci. Shi ya samar wa Ɗantsoho ɗan ɗaki a ƙasan wani bene kusa da mai matsar rake, da tebur, da kwamfuta, da takardar nan cikin gilashi mai ɗauke da sunansa da hatimi.

A faɗi gaskiya, takardar ce ta kama shi. Ita ce ta farko tun zuwansa Masar da ta ce ya cancanci wani abu. Kullum da safe sai ya goge gilashin da hannun rigarsa.

Azara ta zo ta gani, ta riƙe haɓa. "To, Malam, digirin ya fito ke nan. Sai mu sa ranar walima."

"Ki yi ta tsiyarki. Hatimin gwamnati ne."

"Na gani ai. Allah ya sa ya iya hawa bene."

Takardar tana da sharaɗi. Duk wata uku sai an tura rahoto gida ta kwamfuta. Kowane ɗalibi layinsa daban: suna, lambar fasfo, makaranta, adireshi, irin matsalar da ya zo da ita, ranar da ya zo. Sannan dole a bibiye shi cikin kwana talatin a rubuta ranar, a kuma nuna ta waya aka yi ko ido da ido, duka biyun an yarda da su. Gurbin ƙarshe zaɓi biyu ne kawai, an warware ko ba a warware ba. In ka bar gurbi ɗaya ba komai, na'urar ta ƙi karɓar rahoton gaba ɗaya. Wanda ya makara sau biyu a jere, a karɓe takardarsa.

Da yatsa ɗaya Ɗantsoho yake bugu, yana neman kowane harafi kamar ya ɓace masa. Layi goma sai ya cinye masa yini. Rilwanu ya tausaya masa ya ce, "Baba, ba sai ka taka ba fa. Ka kira su kawai. Mutum ashirin za ka gama kafin azahar, khalas, shi ke nan."

Ya gwada, ya ga haka ne. Rahotonsa na farko ya isa kan lokaci, na biyu ma haka. Rilwanu ya ce a duk ofisoshin da ke ƙarƙashinsa ba wanda ya kai Ɗantsoho yawan layukan da aka warware. Takalmansa suka daina cinyewa.

Fauziyya ta zo masa a watan Yuni na 2013. 'Yar Haɗeja ce, tana karatun harhaɗa magunguna a jami'ar da ke Giza, can ƙetaren kogi, saura mata shekara ɗaya. Abokan zamanta sun gama sun tafi, mai gidan kuma ya ce ɗansa zai yi aure yana son wurinsa. Yarinya ce mai ƙarancin magana. Ta zauna a bakin kujera, jakarta a kan cinya, ta faɗi abin da ya kawo ta a jimla uku.

Ya kai ta wurin Hajja Fatna, wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan da ke zaune ita kaɗai a Giza, tafiyar minti goma zuwa makarantar. Ran nan ya yi yadda ya saba. Ya buɗe famfo, ya girgiza sakata, ya ga ɗakin da za a ba ta, mai taga da tebur. Da zai tafi ya ce, "'Yata, zan leƙo ki."

Ta ce, "To, Baba. Allah ya saka."

Kwana talatin ɗin suka cika cikin azumi, ana zafi kamar a bakin murhu. A lokacin taron jama'a ya toshe manyan titunan Madinat Nasr, yankin da unguwarsu take, ƙananan motocin haya sai sun yi zagaye mai nisa kafin su kai mutum tashar metro, wato jirgin ƙasan cikin gari. Wannan shi ne uzurin da ya riƙa ba kansa daga baya. Amma a satin nan ya je har kasuwar Ataba ya sayo tawadar na'urar buga takarda, kuma daga Ataba jirgi ɗaya ne zuwa Giza.

Ya kira ta daga kan kujerarsa.

"Fauziyya, Baba Ɗantsoho ne. Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Ya Umma Azara?"

"Lafiya lau. Ya wurin naki? Ba matsala dai ko?"

A bayanta ya ji kukan jariri, da wasu yara suna faɗa a kan wani abu, da ƙarar tukunya dab da wayar. Hajja Fatna ba ta da ƙananan yara. Ya san haka sarai.

"Alhamdu lillahi, Baba," in ji ta.

"Tamam. Madalla. A gaida Hajja."

Ya ajiye wayar, ya ce wa kansa baƙi ne suka zo shan ruwa, ko da yake ko la'asar ba a yi ba. Saura mutum goma sha ɗaya bai kira ba. Layinta shi ne na saba'in da huɗu. Ya sa yatsa ya danna an warware.

A watan Oktoba Rilwanu ya shigo da fara'a. Shirin ya kama hawa guda a wani bene don ɗalibai mata, gado takwas, ba ruwansu da mai gida har su gama karatu. Daga gida aka zaɓo sunayen, kuma daga rahoto aka ɗauko su, cikin layukan da aka rubuta ba a warware ba. Ɗantsoho ya taya murna, har ya je ya buɗe musu famfo.

Azara ce ta kawo labarin a watan Nuwamba. Ta dawo daga wani suna inda ta haɗu da Hajja Fatna, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kansa.

"Malam, yarinyar nan ta Haɗeja, ka ce tana ina?"

"Tana Giza wurin Hajja."

"A kwamfutarka take Giza."

Abin da ya faru shi ne, sati biyu da shigar Fauziyya, Abakar ɗan Hajja Fatna ya dawo daga Libiya da matarsa da 'ya'ya huɗu, ba su da inda za su. Uwa ba ta korar ɗanta. Aka ba su ɗakin, Fauziyya ta koma kicin tana shimfiɗa tsakanin murhu da firji, littattafanta a cikin akwati. Bayan salla ta ji ana neman mai kula da wata tsohuwa marar lafiya a unguwar Mohandessin, da wurin kwana. Ta tafi. Hajja Fatna ta ce ita ma kunya ce ta hana ta kira, ta zaci zai zo ya gani da kansa kamar yadda ya saba.

Washegari da hantsi yana Mohandessin. Bawwab ɗin benen ya hau ya kira ta. Ta sauko da rigar aiki, hannunta yana warin man zafi, ta durƙusa ta gaishe shi a gaban ƙofa kamar ba abin da ya faru.

"Makarantar fa?" in ji shi.

"Ina zuwa in an samu mai zama da ita. Sau ɗaya a sati, wani lokacin ba ko ɗaya."

"Me ya hana ki gaya mini ran da na kira?"

Ta dubi ƙasa. "Baba, matar Abakar tana tsaye a kaina tana juya miya. Kuma kai ka kawo ni gidan. Yaya zan ce maka wurin da ka zaɓa bai yi ba?" Ta gyara ɗankwalinta. "Ka ce za ka leƙo. Na bar akwatina a bakin ƙofar kicin, don an ce abin da kake fara dubawa ke nan."

Ya ce ta jira shi kwana biyu.

Daga nan wurin Rilwanu ya wuce. Ya ce a buɗe rahoton a gyara layi na saba'in da huɗu, kuskurensa ne, zai sa hannu a kan haka. Rilwanu ya juyo masa da kwamfutar ya nuna masa. Rahoton da aka rufe ya rufu, ko shi ba ya iya taɓa shi. Gadaje takwas kuma duk da masu su.

"Ma'alish, Baba, ka yi haƙuri. Ka buɗe mata sabon layi a rahoton Disamba, ta shiga jerin masu jira."

"Jarrabawarta a Janairu take."

"Wallahi na sani. Amma abin da ka turo shi suka gani. Kai ka ce an warware."

Rilwanu bai faɗa don ya ci masa fuska ba. Gaskiya ce kawai.

Ɗantsoho ya dawo da ƙafarsa aiki. Cikin kwana tara ya samar mata gado wurin wasu ɗalibai 'yan Nijar a Giza. Azara ta je da kanta ta ɗauko mata akwatin. Amma karatun magunguna ba a yin sa daga nesa. Ta rasa zaman ɗakin gwaje-gwaje fiye da yadda makarantar ke yafewa, aka hana ta zama jarrabawa, kuma tallafin karatunta ba ya ɗaukar maimaici. A watan Fabrairu na 2014 ta koma Haɗeja da shekara huɗu na karatu ba takarda.

Ta zo sallama ofis. Ta kawo wa Azara tukunyarta da bargo, ta ce ba za su shiga kaya ba. Ɗantsoho ya fara cewa, "'Yata, ki yafe..." Ta ce, "Ba komai, Baba, haka Allah ya rubuta." Ya san wannan ma irin amsar waya ce, amma wannan karon ba inda zai je ya duba.

Tun daga ranar bai ƙara danna an warware a layin kowa ba sai ya taka ya gani. Shekarunsa sun haura hamsin, gwiwa ta fara ciwo, benaye da yawa ba su da na'urar hawa. Mutum uku yake iya gani a yini, in ya matsa huɗu. Rahotonsa ya cika da ba a warware ba, har aka rubuto daga gida ana tambayar me ya sami ofishin da ya fi kowane. Rahoton Satumba ya makara da kwana goma sha biyu. Rilwanu ya roƙe shi ya riƙa kiran ko da rabinsu ne. Ya ce to, bai kira ba. Na Disamba ya makara da wata guda.

A farkon 2015 Rilwanu ya zo karɓar takardar, yana ta ba da haƙuri. Ɗantsoho ya sauko da ita da kansa, ya goge gilashin da hannun riga, ya miƙa masa. Kwamfutar ma ta tafi, ɗakin ya koma hannun mai gyaran waya. Azara, wadda ba ta taɓa barin zancen digirin ya wuce ba ta yi tsiya ba, ran nan takalmansa ta ɗauka. Ta kai su wurin mai gyara aka sa musu sabon ƙasa.

Lambar Fauziyya ta Najeriya tana cikin wayarsa. Sau ɗaya ya kira, da babbar salla. Ya tambaye ta ya gida, ta ce alhamdu lillahi. Ya riƙe wayar a kunne yana sauraron abin da ke bayan muryarta, bai ji komai ba. Bai sake kira ba.