Turakun da Teku Ya Kwashe

Ban taɓa mantawa da ranar da muka koma gaɓar tekun gabas muka tarar babu turakunmu ba.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikacin safiyo duk da na manyanta, don karatuna bai wuce sakandare ba. Ma'aikatarmu ta turo ni Kuala Lumpur in taya Nasiru aikin awo, yaro ne da ke digiri na uku a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. Ɗaki ɗaya muka kama a unguwar Setapak. Bincikensa a kan wani dogon tudun yashi ne da ya miƙe tsakanin kogi da teku. Wai yashin tafiya yake, yana ture bakin kogin.

Ƙa'idar aikin ita ce a kafa turakun siminti, a dawo bayan damina a auna daga gare su. Ni ɗan manomi, sai na jera su a kan tudun kamar mai shata iyakar gona. Guda kawai na kafa can nesa da yashin, gindin rusasshen gidan kwastan, don a inuwarsa muke sallah. Pak Mat, dattijon da ke tsallakar da mu a kwale-kwale, ya ce zamanin kakansa a ƙofar gidan nan jiragen gishiri da shinkafa ke tsayawa. Yanzu itatuwan kwakwa ne kewaye da shi.

Da muka dawo, inda na jera turakun ya zama hanyar jirgin ruwa. Nasiru ya zauna daɓas a kan yashi.

"Baba, tallafin karatuna ya kusa ƙarewa. Me zan kai wa Farfesa?"

Na ce, "Kira ta, gara ta ji daga bakinka."

Ina jiyo dariyarta ta wayar. Ta ce, "Ka je tabbatar da cewa yashi na tafiya, ya tafi, kuma kana makoki? Ba alamar da ta tsira?"

Sai muka tuna na gidan kwastan. Daga shi muka sake awon, da shi Nasiru ya gama karatunsa.

A hanyar komawa Pak Mat ya jawo igiyar anka, wato nauyin da ke tsayar da kwale-kwale a ruwa, sai ga ɗaya daga turakuna ɗaure a bakinta, da lambar da na rubuta da hannuna. A ragarsa ya tsince shi.

Ya ce da yarensu, "Boleh lah, Haji?" wato ka yarda, Alhaji? "Ya fi iya riƙe jirgi a kan riƙe yashi."

Na bar masa. Na yi alkawarin dawowa in ci kifin gidansa, na yi ta ɗagawa har labarin rasuwarsa ya iske ni a Setapak. Wannan har yau yana cina.

Ku masu tasowa, kada ku kafa alamarku a kan abin da kuka zo aunawa. Kuma wanda ya tsallakar da ku ruwa, ku koma ku gaishe shi tun bakin kogin yana inda kuka bar shi.